Akwatin Tambaya: Na Biya Kuɗin Suna, Me Ya Kawo Kuɗin Masauki?

Wasiƙun wannan karo kamar an haɗa baki. Daga Birni har Magariya, wanda bai buɗe shafin intanet ba yana son buɗewa, wanda ya buɗe kuma ya rasa gane kansa. Na zaɓi shida, na rage tsawon wasu, na cire sunaye yadda muka saba. Kalmomi biyu za su yi ta dawowa. Ta farko domen, wato sunan da ake bugawa a kai ga shafi. Ta biyu ita ce waɗanda suka yi lakwal ke ce wa ebarjama, ƴan'uwanmu na Kano su ce hostin. Ni masauki nake ce mata, kuma haka zan ci gaba da cewa.

Assalamu alaikum Malam. Ni baduku ne, ina ɗinka jakunkuna da takalma da matasan fata. Wani yaro mai aikin kwamfuta ya ce zai buɗe mini shafi don masu saye daga Yamai da ƙasashen waje su riƙa ganin kayana. Ya kawo lissafi: kuɗin domen daban, na masauki daban, na aikinsa daban, wai kuma biyun farko kowace shekara sai an sake biya. Abu ɗaya kuɗi uku? Ko dai so yake ya yi mini wayo? — Wani dattijo daga Birni

Wa alaikumus salam Baba. Yaron bai yi maka wayo ba, aƙalla a wannan lissafin. Abubuwa uku ne da gaske, kuma aljihu uku kuɗin ke shiga.

Hotunan jakunkunanka da farashinsu da lambar wayarka dole su zauna a cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, domin mai saye na iya neman ka ƙarfe uku na dare kana barci. Irin wannan kwamfuta ake kira saba. A manyan ɗakuna masu sanyi ake jera su, kanta bisa kanta, da injin wuta a gefe yana jiran ko-ta-kwana. Kamfanin da ya mallake su shi ke yanka maka ɗan lungu a ciki kana biyan haya, kamar yadda ake biyan kuɗin rumfa a Kasuwar Dole. Masaukin ke nan.

To kowace saba tana da lambarta. Irin wadda aka fi sani gida huɗu ce da ɗigo a tsakani, kowane gida daga 0 zuwa 255. Da ita kwamfutoci ke gane juna. Amma wa zai haddace wannan? Kai kanka, Baba, na tabbata lambar babban ɗanka ba ta kanka, sunansa kake taɓawa a salula ta kira. Shi ya sa a 1983 wani Ba'amurke mai suna Paul Mockapetris ya tsara abin da ake kira DNS, wani babban kundi da ke warwatse a duniya, aikinsa kawai haɗa suna da lamba. Baƙo ne ya shigo kasuwa ya ce ina rumfar wane baduku, aka nuna masa. In gobe ka tashi daga rumfar ka koma wata, sunanka na nan, masu nuna hanya kawai za a sanar. Wannan ne amfanin raba su biyu: masauki ya ɓata maka rai ka kwashe kayanka ka koma wani, masu sayenka ba za su ma san ka tashi ba.

Batun biya duk shekara kuwa, suna ba a sayar da shi na har abada, rajista ake yi, daga shekara ɗaya har zuwa goma a lokaci guda. Duk sunayen da ke ƙarewa da .com kundinsu yana hannun wani kamfanin Amurka, Verisign, a ƙarƙashin kulawar hukumar ICANN da aka kafa a 1998. Kai ba ka zuwa wurinsu kai tsaye, sai ta hannun dillalai masu izini. Sunan .com na farko a duniya, symbolics.com, an yi masa rajista ranar 15 ga Maris 1985, kuma har yau yana raye saboda ba a daina biya ba.

Ga ma'aunin da za ka auna lissafin yaron da shi. Sunan .com yana kamawa tsakanin dala 10 da 15 a shekara (dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba), wato wajen jika shida zuwa goma. Masauki iri-iri ne. Akwai na haɗaka, inda shafuka da yawa ke zaune a saba ɗaya kamar gidan haya mai tsakar gida guda. Shi ya fi araha, galibi yuro 3 zuwa 8 a wata a kamfanonin Turai. Lissafin yuro ba ya ba mu wahala tunda a ɗaure yake da sefa, ɗaya kusan 656. Akwai wanda ake kira VPS, sashe ne naka da ƙofarka a cikin gidan, akwai kuma hayar saba sukutum. Waɗannan biyun ba naka ba ne. Mai hoton jaka talatin ko hamsin, na haɗaka ya ishe shi har ya yi saura, duk wanda ya ce maka sai babba, raɗin kansa yake faɗa.

Abu biyu za ka tambayi yaron. Na ɗaya, nawa ne kuɗin shekara ta biyu? Dillalai da yawa suna karya farashin shekarar farko don su jawo mutum, ranar sabuntawa ya ga lissafi ya ninka. Na biyu, ya rage nauyin hotuna kafin ya ɗora. Hoton salula ɗaya yakan kai mega uku zuwa biyar, alhali in aka matse shi ya dawo kilo 200 ko 300 ido ba zai ga bambanci ba. Mai sayen da ke Tanut da rezo sanda biyu ba zai ƙone forfensa yana jiran takalmi ya buɗe ba.

Kuma kada ka miƙa ko dala sai an karanta maka amsar da na ba mutumin Magariya a ƙasa.

Malam ina wuni. Ina sayar da turaren wuta da humra daga gida. Ina da shafin Facebook da WhatsApp, kuma alhamdu lillahi ana ciniki. Ƙanwata ta dame ni wai sai na buɗe shafi nawa na kaina don a ɗauke ni da daraja. Dole ne? — Wata Hajiya daga Sabon Gari

Lafiya lau Hajiya. Ba dole ba ne, kuma ni da nake cin abinci da wannan aiki nake gaya miki. Masu sayen humra a WhatsApp suke, ba su shiga Google neman turare. Na ga shafuka da dama da aka kashe wa kuɗi don a burge, bayan wata uku ko mai shi ba ya leƙawa, farashin bara na nan a rataye. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai dai ƙanwarki ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba. Shafin Facebook zanen aro ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya kusan awa shida, kowa ya yi ta kashe waya yana kunnawa yana zagin rezo. Wannan ma mai sauƙi ne tunda sun dawo. Wadda aka sace wa shafi, ko aka rufe mata shi ba bayani, ita ta san zafin abin: mabiya na shekaru sun tafi, kuma ba ofishin da za ta je ta kai kuka.

Shawarata tsaka-tsaki ce. Ki yi wa sunan sana'arki rajista yanzu, ki bar masauki tukuna. Yawancin dillalai suna ba da damar a karkata suna zuwa wani wuri ba ƙarin kuɗi, wato duk wanda ya buga sunanki ya faɗa shafinki na Facebook. Sunan ne za ki buga a jikin kwalabe da leda. In wata rana shafin ya salwanta, ki buɗe sabo ki karkata sunan can, kwalaben da ke ɗakunan mutane ba su zama ƙarya ba. Ranar da ƴan sari daga Agadas ko Maradi suka fara neman jerin kaya da takardar farashi, to lokacin masauki ya yi.

Ni malamin makaranta ne, ina tara tatsuniyoyi da karin maganar ƙasarmu, ina son in zuba su a shafi. Sunan da na zaɓa yana da ƙ da ɗ a ciki. Zai yiwu? Sannan wanne ya fi, .com ko .ne? — Wani mushe daga Mirya

Mushe, Allah ya saka da alheri da wannan aiki. Ka'idar asali ta suna ƙunci gare ta: haruffan boko 26 marasa lanƙwasa, lambobi 0 zuwa 9, da ƴar karan tsakiya wadda ba ta zuwa a farko ko a ƙarshe. Ba tazara, ba ya wuce harafi 63, kuma babban baƙi da ƙarami duk ɗaya ne. Daga baya an ƙirƙiro hanyar shigar da haruffan wasu harsuna, inda a ɓoye ake juya sunan ya koma wani rubutu mai farawa da xn--. Amma ban ba ka shawarar bin ta ba. Mutum nawa ne a Mirya ke da ƙ a allon salularsa? A cikin shafin ka rubuta Hausarka da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ yadda ta dace, ba abin da zai hana. A sunan kawai za ka haƙura da k da d. Sai dai ka karanta shi da babbar murya bayan ka cire lanƙwasar, kada ka nufi ƙafa ka buga kafa, ko ka nufi ɓarna a karanta wani abu daban.

Akwai wata matsala tamu ta nan da littattafan koyon kwamfuta ba su san da ita ba: rubutu biyu gare mu. Wanda ya yi lakwal zai rubuta kilichi da tchoukou, mai karatun Hausa ya rubuta kilishi da cuku. Garinmu ma wani Zinder zai buga, wani Damagaram. Gwajin da nake yi shi ne in kira mutum uku a waya, in faɗi sunan sau ɗaya, in ce su turo mini shi a rubuce. In uku suka zo iri ɗaya, sunan ya yi. In suka rabu biyu, ko a canza suna, ko a yi wa rubutun biyu rajista a karkata ɗaya zuwa ɗaya. Kuma a gajarta. Sunan da ba zai shiga bayan adaidaita a karanta shi tana tafiya ba ya yi tsawo.

Game da wutsiyar suna, kowace ƙasa tana da harafi biyu nata: .ne ta Nijar, .ng ta Najeriya, .td ta Cadi, .fr ta Faransa. Shafukan gwamnatinmu da gouv.ne suke ƙarewa. Wasu ƙasashen ma sun tsinci dami a kala, kamar tsibirin Tuvalu mai .tv da Anguilla mai .ai, waɗanda kamfanonin duniya ke rububin saya. Mu ma Hausawa muna da tamu garaɓasar da ba mu lura da ita ba, domin .ne kalma ce a bakinmu. Suna kamar "namu" in ya haɗu da ita ya zama magana cikakkiya. Ina son .ne, kuma ga aiki irin naka na al'adun ƙasa ta dace ƙwarai. Amma ka san abu biyu: ba kowane dillali ke sayar da ita ba, a wurin dillalan waje kuma ta fi .com tsada nesa ba kusa ba. Sannan mutane da yawa hannunsu ya saba ƙara mata t ta koma .net, su ɓace. In aljihun malamin makaranta ne zai biya, fara da .org ko .com.

Malam muna cikin damuwa. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar manoma. Shekara uku da suka wuce wani matashi ɗan garinmu ya buɗe mana shafi, muka biya shi komai. Bara ya tafi neman zinariya arewa, lambarsa ba ta shiga. Yanzu in aka buga sunanmu sai wani shafi ya fito da tallace-tallace cikin harshen da ba mu sani ba. Sunan yana kan takardunmu da allon ofis, har masu tallafa mana sun yi tambaya. Ina mafita? — Daga Magariya

Ɗan'uwa, sannu. Wasiƙarka ce ta sa na haɗa wannan fitowar gaba ɗaya, domin irinta ta fi kowace yawa a akwatina, kuma ni ma na taɓa shan wannan ɗacin.

Sunana na farko da na yi wa rajista, da wani tsohon akwatin imel na yi, wanda ke ɗaure da layin wayar da ya faɗi tare da salulata a tashar mota. Ban damu ba, na sayi sabon layi na ci gaba da harkata. Ashe dillalin yana ta aika gargaɗi can, wasiƙa bayan wasiƙa, ba mai karantawa. Wata safiya ina zaune wurin mai shayi, na miƙa wa wani abokina waya da alfahari na ce buga ka ga aikina. Ya buga, ya ɗago kai ya dube ni, ya juyo mini da fuskar wayar: farin shafi, da rubutu ɗaya a tsakiya cewa wannan suna na sayarwa ne. Na rubuta wa wanda ya saye shi, ya yanka mini kuɗin da zai sayi ragon layya biyu. Shayin nan ban shanye shi ba. Sunan kuma har yau ba nawa ba ne.

Ga yadda abin ke tafiya ga .com da ire-irenta. In wa'adi ya cika ba a biya ba, dillali yakan ɗaga ƙafa na wasu kwanaki, wani kaɗan, wani har zuwa 45. A nan kuɗin sabuntawa kawai za a biya. In ya wuce, sunan ya shiga kwana 30 na fansa, inda mai shi kaɗai ke iya karɓo shi amma da tara mai nauyi. Daga nan kwana 5 na jiran gogewa, sai a sake shi kasuwa, kowa ya riga ya ɗauka. Wasu dillalan ma ba su jira ƙarshen wannan duka, gwanjonsa suke yi. Kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan, tsintar sunayen da suka faɗi.

Abin da za ka fara yi yau: shiga lookup.icann.org ka buga sunan ƙungiyarku. Sunan mai shi galibi a rufe yake tun 2018 da dokar kare bayanan mutane ta Turai ta fara aiki, amma za ka ga dillalin da ke riƙe da shi, ranar da aka yi rajista, da ranar ƙarewa. Ranar rajistar ita ce za ta gaya maka gaskiya. In ta nuna shekara uku baya, da sauran numfashi, mai yiwuwa dillalin ne ya rataya tallan kafin a biya. Ku rubuta masa da takardar shaidar ƙungiya da rasiɗin biya in kuna da shi, ku kuma nemi dangin yaron, domin ko ɗan saƙo ɗaya daga gare shi zai gajarta muku hanya. In kuwa ranar ta nuna watannin nan, to wani ya riga ya saye. Kada ku kashe kuɗin manoma wajen fansa. Ku ɗauki sabon suna mai kama da shi, ku sanar da masu tallafa muku a rubuce cewa tsohon ba naku ba ne, musamman in kuna da imel a kansa, domin wanda ya riƙe suna yana iya karɓar wasiƙun da ake aiko masa. Rubuce-rubucenku na da kuma ku duba archive.org, wani rumbu ne da ke ajiye hoton shafuka. Sau da yawa ana samun abin kwafa a can.

Ban ce yaron mugu ba ne. Yawancinsu ba da niyyar cuta suke yi ba, sauƙi suke bi: su yi rajista da imel ɗinsu, su biya da katinsu, su riƙe kalmar sirri a ka. Kuskuren na masu biya ne da ba su tambaya ba. Wanda ya gina maka gida ba a sunansa ake yin takardar fili ba, kowa ya san wannan, amma da an zo kan intanet sai mu sakar wa magini komai.

A sabon da za ku yi, ku zauna tare da mai aikin a ofis ranar rajista. A buɗe imel na ƙungiya, ba na shugaba ko na magatakarda ba, tunda shugabanci na juyawa. Da shi za a buɗe asusu wurin dillali, a rubuta sunan ƙungiya a gurbin mai mallaka. Kalmar sirri mutum biyu su san ta, a kuma rubuta ta a ajiye inda ake ajiye takardun banki. Mai aikin a ba shi mabuɗin masauki ya yi aikinsa, mabuɗin suna ya zauna wurinku. In da hali ku biya shekara uku ko biyar a dunƙule. Kada ku dogara da sabuntawa ta kai tsaye kawai, domin katin Visa da ake sa wa kuɗi yana ƙarewa, ko ranar ta zo ba ko sisi a ciki; ku rubuta ranar da alli a bangon ofis in ta kama. Wanda sunansa ke hannun wani yanzu kuma suna shiri, ya roƙe shi lambar canja hannu, wadda ake kira EPP, ya dawo da shi asusunsa. Sai dai ba a canja dillali a cikin kwana 60 na farkon rajista.

Sannan ku riƙa sauke kwafin shafin kuna ajiyewa a ofis. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen saba na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma waɗanda ba su da kwafi a wani wuri sun rasa kayansu. A Turai ke nan.

Yaya, ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou. Na fara koyon HTML, yaren da ake rubuta shafukan intanet da shi. Tunda saba kwamfuta ce kawai, me zai hana in mai da tawa saba a ɗakina in huta da biyan haya? — Ƙaninka daga Zango

Ƙanena, tunaninka daidai ne, kuma haka abin ya fara. Shafin farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee ya buɗe a cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, a kan kwamfutar ofishinsa yake, har ya manna mata takarda yana gargaɗin kada kowa ya kashe ta. To kai wa za ka manna wa takarda a watan Afrilu, zafi ya haura 40, wuta ta tafi tun azahar? Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Ko ka yi maganin waɗannan da sola, layin salula ba ya ba ka lamba tsayayya taka kai kaɗai. Lambar tana canzawa, kuma galibi mutane da yawa ke raba guda, don haka na waje ba zai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba.

Don koyo kuwa, yi, har ma na matsa maka. Saka XAMPP, manhajar da ke mai da kwamfuta saba, a kwamfutarka, ka buga 127.0.0.1, lambar da kowace kwamfuta ke nufin kanta da ita, za ka ga shafinka ba tare da ka ƙona ko mega ɗaya ba. A nan za ka ɗora WordPress, manhajar gina shafi da ta fito a 2003 wadda yanzu sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke tafiya a kanta, ka lalata, ka gyara, ka sake lalatawa. In kana son duniya ta gani, GitHub Pages na karɓar shafin HTML kyauta, kuma kana iya ɗaura masa sunanka in ka saya. Ranar da ka ɗaura, kada ka tayar da hankali in bai buɗe nan take ba. Labarin sabon wuri yakan ɗauki awoyi, wani lokaci har kwana biyu, kafin ya zaga duk masu nuna hanya.

Kuma in ka fara yi wa mutane aiki, ka yi rajista da sunansu. Ka ga abin da ya samu mutanen Magariya.

Shafin shagona yana nuna wai ba shi da tsaro, abokan ciniki na tsorata. An ce in biya kuɗin kwaɗo. — Mai sayar da kayan gyaran babur, hanyar Tanut

Alhaji, tun Yulin 2018 Chrome, manhajar da ake buɗe shafuka da ita, ke yi wa duk shafin da ke farawa da http kawai wannan tambari. Abin da ake nufi shi ne saƙon da ke tsakanin wayar mai saye da sabarka a buɗe yake tafiya, wanda ke kan hanya na iya leƙawa. Maganinsa takardar shaida ce da ake kira SSL, wadda ke mai da shi https, ita ce kwaɗon da aka ce ka biya. Wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt tana ba da ita kyauta tun 2015, kuma yawancin masaukai sun haɗa ta a cikin kuɗin haya, maɓalli ɗaya ne a danna, tana kuma sabunta kanta. Ka ce wa mai kula da shafinka ya duba allon masaukin, a ɓangaren tsaro. In ladan aikinsa na minti goma yake nema, ba shi. In kuwa cewa ya yi takardar kanta sai an saya duk shekara, tambaye shi me ya hana ta kyautar.

Wata gaɓa ga masu saye: kwaɗon ba shaidar gaskiyar mai shafi ba ne, ɓarayi ma suna da shi, shi ya sa ma Chrome ta cire hoton kwaɗon a 2023 ta sa wata alama daban. Kafin ka buga lambar katinka ko kalmar sirri a ko'ina, karanta sunan da ke sama harafi bayan harafi, musamman na dab da wutsiya, domin a nan ake musanya o da sifili, ko l da 1.